Toastmasters da mai jin bai cancanci matsayinsa ba

Idan aka yi maka ƙarin girma amma zuciya na raya maka cewa sa'a ce kawai, Toastmasters, kulob ɗin koyon magana a gaban jama'a da aka kafa a Amurka a 1924, zai amfane ka. Jawabin farko minti 4 zuwa 6 ne, kana gabatar da kanka, ana nuna maka lokaci da alamu masu launin kore, rawaya da ja. Mafi amfani shi ne mai tantancewa, wato mamban da ke auna jawabinka, domin yana faɗin abin da ka yi daidai dalla-dalla kafin ya yi gyara. Rubuta maganarsa, ka karanta kafin intabiyu. Sai dai wasu yabo kawai suke zubawa, mai shakkar kansa kuwa ba ya yarda da yabon da ba hujja. Don haka nemi gogaggen mamba ya tantance ka. Ana biyan kuɗin zama mamba duk wata 6.