Gargaɗi kan masu kwas ɗin "haɗa manhaja a mako 2 ka fara cin dala"

Assalamu alaikum. Akwai wata damfara da take yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, kuma matasanmu take ci, musamman waɗanda suka gama sakandare ko jami'a suna zaune a gida babu abin yi. Duk inda ka ga tallar kusan iri ɗaya ce: ka biya kuɗin kwas, a koya maka haɗa manhajar waya cikin mako 2, da wayarka kaɗai ba sai da kwamfuta ba, ka ɗora ta a Play Store, daga nan Google ya riƙa turo maka dala kana kwance a ɗaki. Sai a liƙa hoton wani asusu cike da kuɗi, a ƙasa a rubuta cewa mutum 10 na farko ne kawai za su samu rangwame. Haɗa manhaja ita ce sana'ata, da ita nake ciyar da iyalina, kuma raina yana ɓaci ƙwarai idan na ga ana fakewa da ita ana raba talaka da ɗan abin da ya tara.

Ba duk mai karɓar kuɗi ya koyar ba ne maha'inci. Akwai malamai na gaskiya da suke zama da ɗalibi wata da watanni, suna duba aikinsa suna gyara masa, kuma sun cancanci ladansu. Waɗanda nake magana a kansu daban ne. Su ba daga manhaja suke samun kuɗi ba, daga ɗalibai suke samu.

Za a fara sa ka a zauren "darasin kyauta" na kwana 2 ko 3. Ba abin da ake koyarwa a ciki sai romon baka. An rufe zauren, shugabanni kaɗai ke magana, jifa-jifa a buɗe wasu da aka ce tsofaffin ɗalibai ne su zuba godiya da addu'a, a sake rufewa kafin wani ya yi tambaya. Shi kuwa hoton asusun nan da yake ruɗar mutane, duk wanda ya san kan burauza zai iya taɓa lambar da ke shafin ya mayar da dala 3 ta zama dala 3,000, ya ɗauki hoto, bai kai minti ɗaya ba. Idan ka kamu, sai a ba ka lambar asusun wani mutum ka tura kuɗi, sau da yawa ma sunan da ke asusun ba shi ne na malamin ba.

Abu na farko da za a turo maka bayan ka biya shi ne littafi na PDF, ko tarin bidiyoyi a Telegram. Na ga irin wannan littafin da idona. An sauke shi ne daga intanet, an cire bangon asali da sunan marubucin, an sa sabo. Babin farko yana koya maka yadda za ka girka Eclipse, wata tsohuwar manhajar kwamfuta ta rubuta kod, alhali tun ƙarshen 2015 Google ya daina tallafa wa haɗa manhajar Android da Eclipse, kowa ya koma Android Studio. Babu ko ambaton Kotlin, yaren rubuta kod da Google ya amince da shi a 2017 kuma ya fifita shi tun 2019. Babu sababbin kayan aikin haɗa manhaja irin su Jetpack Compose da ya fito a 2021, babu Flutter. Tsohon littafi yana da amfani wajen koyon tushen lissafin kod, ban musa ba, amma Android abu ne da yake canzawa kowace shekara, kuma Google yana ɗaga mizanin da sabuwar manhaja za ta cika kafin a karɓe ta a Play Store. Ɗalibi zai bi littafin nan daki-daki, abin da ke shafi bai yi kama da abin da ke allonsa ba, ya ɗauka shi ne ba shi da ƙwaƙwalwa. Wannan ya fi asarar kuɗin ciwo a wurina, domin da yawa daga nan suke haƙura da koyon gaba ɗaya.

Ɗan wata maƙwabciyarmu ya zo wurina da fara'arsa, ya ce, "Yaya, na gama haɗa manhajata, don Allah duba mini." Mahaifiyarsa ce ta kwashi adashenta ta biya masa kwas ɗin. Manhajar azkar ce, tana buɗewa tana aiki, da sunansa a saman allo. Na ce masa, "To madalla. Nuna mini inda za ka taɓa idan kana so ka ƙara addu'a ɗaya a ciki." Ya yi shiru, ya ce ba su zo wurin ba tukuna. Da muka buɗe fayilolin a kwamfutata sai na ga abin da aka yi. An ba su manhaja gamammiya, irin waɗanda ake saya a kasuwannin intanet kamar CodeCanyon ko a sato su, aka nuna musu wuri uku: inda za su canza suna, inda za su canza launi, inda za su canza tambari. Tamkar a yi wa tsohuwar mota fenti a ce maka kai ka ƙera ta. Na ci gaba da dubawa har na kai lambar talla ta AdMob, wato tsarin Google na saka talla a manhaja a biya mai ita, lambar da take farawa da ca-app-pub. Na tambaye shi ko ya taɓa buɗe asusun AdMob, ya ce a'a, malam ya ce shi zai buɗe musu daga baya. Na sa ya karɓo fayil ɗin wani abokinsa da suka yi kwas tare, muka gwada, lambar ɗaya ce sak. Ma'ana duk tallar da ta fito a manhajar kowane ɗalibi, kuɗinta asusun mutum ɗaya yake shiga. Su suka biya, su suke roƙon 'yan uwa da abokai su sauke manhajar, shi kuma yana karɓa.

Daga nan sai kuɗi na biyu, wanda suke kira kuɗin ɗorawa. Ga gaskiyar yadda abin yake. Buɗe asusun mai haɗa manhaja a Google Play dala 25 ne, sau ɗaya a rayuwar asusun, kuma kai tsaye ake biyan Google a shafinsu, tare da tantance katin shaidarka. Idan wani ya ce ka ba shi kuɗin ya ɗora maka a asusunsa, to manhajar tasa ce a wurin Google, ba taka ba, kuma ranar da kuka ɓata ba ka da ta cewa. Sannan tun Nuwamba 2023, duk sabon asusu na mutum ɗaya sai ya fara gwajin manhajarsa a rufe na kwana 14 a jere kafin ya nemi izinin fitar da ita ga jama'a. Da farko mutum 20 ake buƙata su yi gwajin, daga baya aka rage zuwa 12. To ka lissafa da kanka: gwajin kaɗai ya cinye mako 2 ɗin da aka yi maka alkawarin koyo da ɗorawa da fara cin dala. Na iPhone kuwa dala 99 ne duk shekara a wurin Apple, kuma Xcode, manhajar da ake aikin da ita, a kan kwamfutar Mac kawai take aiki.

Ko da an ɗora, ƙa'idojin Google sun hana manhajojin da kwafin juna ne, da waɗanda ba komai a cikinsu sai shafin intanet na wani da aka naɗe. Ɗalibai da yawa su ɗora abu ɗaya da launi daban-daban, ai kiran rufewa ne. Kuma idan Google ya rufe asusu, yana bin sauran asusun da suke da alaƙa da shi, ba a cika samun dawowa ba.

Mafi muni shi ne zauren "taimakon juna". Ana tara ɗalibai a ce kowa ya buɗe manhajar ɗan uwansa ya riƙa danna talla safe da yamma don kuɗi su taru. Wannan ha'inci ne ga mai tallar da ya biya kuɗinsa don a ga hajarsa, kuma ba na jin akwai malamin addinin da zai halatta maka shi. Bayan haka AdMob yana gano irin wannan dannawa, ya rufe asusun, kuɗin da ke ciki su tafi. Wanda ma yake aikinsa tsakani da Allah, ba a biyansa sai kuɗinsa sun kai dala 100, kuma tallar da ake nunawa masu waya a Najeriya ko Nijar ba ta kawo kuɗi kamar ta Amurka ko Ingila. Sai manhajarka tana da ɗimbin masu amfani da ita kullum kafin ka ga abin kirki. Yawancin mu da muke wannan sana'a ba da talla muke ci ba, aiki muke yi wa kamfanoni da makarantu da 'yan kasuwa su biya mu.

Idan ɗalibi ya fara ƙorafi cewa bai ga dala ba, sai a buɗe masa wata ƙofa: ya kawo mutum, a ba shi kaso daga kuɗin kwas ɗinsa. Ta haka wanda aka cuta yake komawa mai tallata cutar, ya jawo ƙaninsa da abokinsa don ya mayar da asararsa. In ka ga kwas da aka fi maganar kawo mutane a kan maganar kod, ka san inda aka dosa.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce kuɗin kwas. Wasu suna turo fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhaja a wayar Android, ta WhatsApp su ce manhajar darasi ce, idan ka girka ta nemi izinin karanta saƙonninka. Manhajar darasi ba ta da abin yi da saƙonninka, amma ta nan lambar sirrin da banki yake turo maka take shigowa. Wasu su nemi BVN ɗinka da sunan rajistar Google. Google ba ya tambayar BVN. Wasu kuma su sa ka buɗe asusun Play da katin shaidarka, su ce za su yi hayarsa suna biyanka duk wata. Duk abin da suka ɗora a ciki, ko manhajar satar bayanai ce, sunanka ne a kai.

Na san dalilin da ya sa suke samun kasuwa a wurinmu. Yawancin darussan kirki da Turanci suke, su kuma waɗannan da Hausa suke magana, suna sallama, suna sa Allah a baki, sai zuciya ta kwanta. Amma kayan aikin kansu kyauta ne. Android Studio kyauta ne, Flutter kyauta ne. Google yana da cikakken kwas na masu farawa mai suna Android Basics with Compose a shafinsa na masu haɗa manhaja, ba ko sisi. Kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne ga mai son tushe. A Najeriya akwai shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023, ba a biyan kuɗin shiga, don haka wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbi shi ma ka guje shi. Akwai ƙungiyoyin GDG, na masu aiki da fasahar Google, a Kano da Kaduna da wasu biranen, suna taron DevFest, inda za ka haɗu da masu yin aikin ido da ido ka tambaye su wane malami ne na gaske. Za ka iya fara koyon tushe da waya, wannan gaskiya ne, amma aikin sosai sai da kwamfuta mai RAM aƙalla 8GB, ga data, ga wuta, ga watanni na zama kana fama da kuskuren da ya ƙi gyaruwa. Malamin gaskiya zai faɗa maka wannan tun ranar farko, ko da zai sa ka fasa biya.

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka ce ya ba ka adireshin manhajar da ya haɗa da kansa a Play Store. Ka buɗe ka duba sunan mai ita, da yawan waɗanda suka sauke, da ranar da aka sabunta ta, ka karanta abin da mutane suka rubuta. Ka ce ya haɗa ka da tsohon ɗalibi da za ka gani ido da ido, ka sa ɗalibin ya canza wani abu a manhajarsa a gabanka. Ka nemi jadawalin darussa a rubuce, ka nuna wa wani da ya san aikin. Idan ya ce yana da kamfani, shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a buɗe yake ga kowa ya bincika suna, ko da yake rajista kaɗai ba ta zama shaidar amana ba. Takardar shaidar da suke liƙa wa tambarin Google kuwa kada ta ruɗe ka, mai ɗaukar aiki abin da hannunka ya haɗa zai ce ka nuna masa. Iyaye mata musamman, ku da kuke fitar da kuɗin nan daga adashe da ƙananan sana'o'i, kada ku ji nauyin cewa yaro ya kawo wani babba da ya san harkar ya duba kafin a biya.

Wanda ya riga ya biya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ka adana rasit ɗin tura kuɗin, ka ɗauki hoton tallar da duk hirarku kafin a cire ka daga zauren, domin da zarar ka yi magana cire ka za su yi. Ka je bankinka da wuri ka shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, kuma ya fi ƙarfi idan ku da yawa kuka haɗu kuka je tare. Idan ka girka wani APK nasu, ka cire shi yau, ka canza lambar sirrin manhajar bankinka da ta imel ɗinka. Idan kuma ka ba su shiga asusunka na Google Play, ka shiga ka cire su daga jerin masu izini, ka duba ko akwai wata manhaja da aka ɗora da sunanka ba da saninka ba.