Faifan garmahon rap kan ɗaukaka da ƙwaya: wanne ya kamata ka saya?

Wani ƙanena a fadarmu ta Birni ya tare ni wajen shayi ya ce: "Yaya, a cikin kundayen rap masu maganar ɗaukaka da shaye-shaye, wanne zan sa wa kuɗina a faifan garmaho?" Ban ja shi da nisa ba, na ce KOD na J. Cole, mawaƙin rap ɗan Amurka.

A Afrilun 2018 ya fito, waƙa 12, kuma tun daga farko har ƙarshe zance ɗaya yake bi. Sunan kansa ma'ana uku gare shi: yaran da ƙwaya ta kama, sarkin da ya sha ta fi ƙarfinsa, da kashe shaiɗanun da ke cikin zuciya. Bai tsaya kan ƙwaya ba, ya haɗa da maitar kuɗi, da cin amanar aure, da soyayyar hoto a waya. Inda ya fi taɓa ni shi ne inda yake ba da labarin mahaifiyarsa da giya, da yadda yake gudun gida don kar ya gan ta a wannan hali. Wanda ya ga abin da tramol ke yi wa samarinmu a nan Damagaram ba sai an fassara masa komai ba. Ga kuma bangon: sarki da kambi, idanu sun yi fari fat, yara a ƙarƙashin alkyabbarsa kowa da abin da yake sha. A waya ba ka ganin wannan, sai ka riƙe kwalin a hannu.

Relapse na Eminem, na 2009, jini da kisa sun yi masa yawa, ba na kunnawa a gida ba ne. Atrocity Exhibition na Danny Brown, 2016, gwaninta ce, amma kiɗan na gajiyar da kunne. Faces na Mac Miller ne kaɗai ya matso kusa, ga shi ƙwaya ce ta yi ajalinsa a 2018 yana ɗan shekara 26.

A kan Faces ɗin ne aka cuce ni. A 2014 kyauta aka sake shi a intanet, sai a 2021 ya fito a faifai na halal, don haka duk wanda aka buga kafin nan jabu ne. Ni ban sani ba, na tura wa wani dillali jika 30 ta WhatsApp. Abin da ya iso, rubutun bangon ya dushe, sautin kamar daga cikin tulu. Kafin ka biya, ka sa a ɗauko maka hoton lambobin da aka zana a santsin da ke kewaye da takardar tsakiya, ka gwada su da na Discogs, shafin intanet mai tara bayanan faya-fayai. Mai cewa "ai a leda yake" bai ba ka hujja ba, ƴan jabu ma suna naɗe leda.

Sannan rana, zafinta na lanƙwasa faifai. Wani faifaina a saman mota ya taho daga Kano ta Matamaye, ya iso a lanƙwashe, allura na tsalle a kansa. Ka ba wa matafiyi ya riƙo maka a cikin mota, tsakanin kwali biyu masu kauri. In ya zo, a tsaye ake ajiye shi, nesa da taga, kuma lokacin hunturu ka goge ƙura da tattausan ƙyalle kafin ka ɗora allura.