Hayar adaidaita sahu don zagaya Sri Lanka: abin da kuɗinka zai saya maka a mako uku

Keken da ake ba baƙi haya a Sri Lanka, wanda mutanen can suke kira tuk-tuk, ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san titunan Kano ko Maiduguri. Bajaj RE ne ƙirar Indiya, injinsa a baya, ƙarfinsa kusan cc 200, giya huɗu da kulochi a hannun hagu, totur a hannun dama, birki a ƙafa. Akwai kamfanoni da dama a Negombo da Katunayake, dab da filin jirgin sama na Bandaranaike, waɗanda sana'arsu ke nan: su ba ka keke, su nema maka takardar tuƙi, su koya maka, ka kama hanya da kanka. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Tuktukrental.com, wanda yake karɓar kekunan daga hannun masu su 'yan ƙasa ya ba baƙi haya. Hidimar ta cancanci kuɗinta, amma ga wanda ya yarda tun daga gida cewa doka ta kayyade wa keke gudun kilomita 40 a awa. Wannan lamba ita ce za ta tsara maka tafiyar gaba ɗaya.

Kuɗin hayar yini yakan kama tsakanin dala 15 zuwa 25, gwargwadon yawan kwanaki da sabuntar keken, kuma yana sauka idan kwanakin sun yi yawa. Ban da shi akwai kuɗin ajiya da za a mayar maka in ka dawo da keke lafiya, da kuɗin takardar tuƙi. Kada farashin yini ya ruɗe ka. Za ka samu mai gida ko wani direba a bakin teku ya ce zai ba ka nasa a rabin wannan kuɗi, alhali inshorarsa ba ta san da baƙo a kan keken ba. Abin da kake saya a wurin kamfani na gaske abu uku ne: takarda, inshora, da lambar wayar da za a ɗauka in ka lalace a daji.

Takarda ita ce matakin farko, kuma nan mutane suka fi yin kuskure. Lasisin ƙasa da ƙasa shi kaɗai bai isa a tuƙa keke mai ƙafa uku a Sri Lanka ba. Sai an samu takardar amincewa ta cikin gida, wadda ake karɓa a ofishin Automobile Association of Ceylon da ke Kolombo. Kamfanin kirki zai ce ka turo masa hoton fasfo, da lasisinka na gida, da na ƙasa da ƙasa, kwanaki kafin ka sauka, ya je ya yi maka layin. Wannan kaɗai ya cece ka daga ɓata yini guda a cunkoson Kolombo. In an miƙo maka takardar, duba da idonka cewa ta ƙunshi keke mai ƙafa uku, domin 'yan sanda suna tsayar da baƙi a hanya, kuma in hatsari ya faru takardar ba daidai ba, inshora ta sulale. Masu fasfon Najeriya su lura cewa izinin shiga na intanet da yawancin baƙi ke samu cikin sauƙi bai shafe su ba, sai an nemi biza tun kafin tafiya, kuma za a nemi katin rigakafin shawara. A gama wannan kafin a biya ko sisin haya.

A wajen inshora, tambayoyi huɗu za ka yi, kuma ka nemi amsa a rubuce: ta ƙunshi keken kansa, ta ƙunshi wanda ka buge ko motarsa, ta ƙunshi fasinjojinka, sannan nawa ne kason da za ka biya daga aljihunka kafin ta fara aiki. A can, in an yi karo, ba a gusar da abin hawa sai an kira kamfanin inshora wakilinsu ya zo ya gani ko ya ba da izini. Wanda ya ja kekensa gefe ya sasanta da mai mota a baki, zai iya rasa komai.

Darasin tuƙin da suke bayarwa na awa ɗaya ne ko biyu, kuma nan ne raunin hidimar. Ya isa ka koyi tashi da tsayawa da ribas, bai isa ya cire maka sabon hannu ba. A Sri Lanka hannun hagu ake bi, shataletale kuma ana zagaya shi ne ta hagu, ana ba na dama hanya. Wanda ya saba da hannun dama ba a cikin cunkoso yake ruɗewa ba, sai da sassafe in ya fito daga masauki ko gidan mai titi babu kowa. Saboda haka kwana biyun farko a yi su a kusa, a kan gajeriyar hanya. Kafin ka sa hannu a takardar karɓa, ɗauki bidiyon keken ta ko'ina, ka gwada birki da hon da sigina da fitila, ka ga safaya da jak da sifana, ka sauke tamfol ɗin gefe ka tabbatar ba a yage yake ba. Ka sa a nuna maka sandar tayar da inji ta hannu saboda ranar da batir zai kwanta, da makunnin rizab na mai.

Tankin yana cin kusan lita 8, kuma lita ɗaya takan yi kilomita 20 zuwa 25, ƙasa da haka a kan dutse. Ma'aunin mai a yawancin kekunan ba abin dogaro ba ne, wasu ma babu. Dabara ita ce ka rubuta lambar kilomita duk sanda ka sha mai, ka sake cikawa bayan kilomita 100, ka kuma riƙe 'yar jarka mai lita biyu. Fetur mai lamba 92 ake zuba masa, a gidajen man Ceypetco ko Lanka IOC. Zagayen kilomita 1,300 zai ci wajen lita 60, wato mai ba shi ne babban kashe kuɗi ba. Baƙin mai kuwa a duba shi kowace safiya kafin a tayar, inji a sanyaye. Kamfanoni kan sharɗanta a kai keken a yi masa girisi bayan kilomita 1,000, aikin 'yan mintoci ne.

Abin da ya fi lalacewa wayoyi ne: ta kulochi da biyun giya, saboda baƙo yana murɗa giya bai matse kulochi sosai ba, ko yana riƙe shi rabi a kan hawa. Sai faci, sai fulogi. Babu ɗaya da zai kwanar da kai, domin kekunan da aka yi wa rajista a ƙasar sun haura miliyan ɗaya, kusan kowane ƙauye da bakaniken da ya san Bajaj ciki da bai. Kira kamfani kafin a kwance komai, ka karɓi rasit, saboda gyaran da tsufan kaya ya jawo nasu ne, wanda gangancinka ya jawo naka ne.

Tsibirin bai kai kilomita 450 daga arewa zuwa kudu ba, shi ya sa a taswira yake kama da abin da za a gama a kwana biyar. Manhajar taswira kuma lissafin mota take yi, ta manyan titunan biyan kuɗi irin E01 na kudu da E03 na filin jirgi, waɗanda aka haramta wa keke hawa. Kashe su a cikin saitin manhajar, sannan ka lissafa kilomita 30 a awa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, 20 a kan dutse. Kilomita 100 zuwa 120 a yini ya isa, kuma bayan kowane yini biyu na tuƙi a huta ɗaya. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, fitilar keke ba ta da ƙarfi, ga karnuka da masu basukur marasa haske, ga giwaye a wasu yankuna. Ka isa masauki kafin biyar.

Damina biyu ce a can, kuma ita ke zaɓa maka ɓangaren da za ka bi. Daga Mayu zuwa Satumba ruwa yana dukan kudu maso yamma da tsaunuka, lokacin gabas take da daɗi: Trincomalee, Pasikuda, Arugam Bay. Daga Disamba zuwa Maris kuwa kudu da yamma ne a bushe. Oktoba da Nuwamba ruwa yana iya sauka ko'ina, kuma lokacin zaftarewar ƙasa ne a tsaunuka. Guguwar Ditwah ta ƙarshen Nuwamban 2025 ta yanke hanyoyi da layin dogo a wannan yanki.

Ga mai kwana 21 a watannin Disamba zuwa Maris, tsarin da ya dace da ƙarfin keke shi ne a fara da arewa, inda titi ya miƙe kuma motoci ba su da yawa. Negombo zuwa Puttalam kusan kilomita 100 ne a kan A3, daga nan kusan 75 zuwa tsohon birnin Anuradhapura. Sai Dambulla da Sigiriya, dutsen da Sarki Kashyapa ya gina fadarsa a kai a ƙarni na 5, mai matakala kusan 1,200, a hau shi da sassafe kafin zafi. A yi kwana uku a nan, a leƙa Polonnaruwa a dawo. Dambulla zuwa Kandy kusan kilomita 70 ne a kan A9, kuma zuwa lokacin hannunka ya faɗa.

Daga Kandy ne ake gane ko keken da aka ba ka lafiyayye ne. Hanyar A5 zuwa Nuwara Eliya kilomita 75 ce kawai, amma tana hawa daga mita 500 zuwa kusan 1,870 ta cikin gonakin shayi da kwanonin Ramboda. A giya ta biyu za ka yi mafi yawanta, wani wuri ta ɗaya, ka ba ta awa huɗu. In ka ji inji ya yi nauyi, iska ce ta yi ƙaranci a sama, ba lalacewa ba ce. Tsaya ya huce. Gangara ta fi hawa haɗari, musamman daga Ella zuwa Wellawaya. Birkin keke in aka danne shi tsawon lokaci yana zafi ya daina kamawa, don haka a sauko da giyar da aka hau da ita, a bar inji ya riƙe, kada a kuskura a sa shi a firi. Kwana kuma a rage gudu kafin a shige ta, ba a cikinta ba, domin abu mai ƙafa uku ba ya kwanciya kamar babur, ɗaga ƙafa yake ya kife. A riƙe rigar sanyi, dare a Nuwara Eliya yana sauka ƙasa da digiri 10. Mai son hawa jirgin ƙasan da ke ratsa gonakin shayi zuwa Ella, kamfanoni suna turo direba ya kai maka keken tashar da za ka sauka, da ƙarin kuɗi; a tabbatar jirgin yana aiki kafin a biya.

Daga Ella a gangara kudu zuwa Tissamaharama. Hanyar B35 tsakanin Buttala da Kataragama ta yi suna da giwayen da ke tsayawa a tsakiyar titi suna jiran 'ya'yan itace daga masu wucewa. Keke ba shi da ƙofa, giwa kuwa tana zura hanci ciki. Kada ka ba ta komai, kada ka bar ayaba a fili. Tsaya nesa, inji a kunne, ka jira bas ko babbar mota ta zo ka bi bayanta ku wuce tare. Gandun daji irin Yala da Udawalawe ba a shiga da keke, sai an ɗauki jif a ƙofa. Sauran tafiyar bakin teku ce: Tangalle, Mirissa, ganuwar Galle, sannan A2 zuwa arewa. Kilomita kusan 160 daga Galle zuwa Negombo a raba su biyu, a ratsa Kolombo da asuba.

Babban abin tsoro a titin ba dutse ba ne, bas ne, jajayen na gwamnati da na 'yan kasuwa. Suna wuce mota a kan kwana, su cinye hannunka. In ka ji hon mai ƙarfi a baya ko ka ga fitila a gabanka, rage gudu ka raɓa hagu, har ka sauka daga kwalta in ta kama. Kai kuwa kada ka taka farin layin da bai yanke ba, tara ce nan take. Lambar 'yan sanda 119, motar asibiti 1990, kuma layin Dialog ko Mobitel da za ka saya a filin jirgi yana kamawa a kusan duk hanyar.

Musulmi kusan kashi 10 cikin 100 ne na mutanen ƙasar, saboda haka masallaci da abincin halal ba sa wuya a Puttalam, Akurana kusa da Kandy, Beruwala, cikin ganuwar Galle, da garuruwan gabas irin Kattankudy da Pottuvil. Mai sha'awar hawa Dutsen Adamu (Adam's Peak), wanda Ibn Battuta ya ziyarta a 1344, ya ware kwana biyu ta hanyar Hatton, lokacin hawansa Disamba zuwa Mayu ne. Ranar cikar wata, wadda suke kira Poya, hutu ce kowane wata, ofisoshi da shaguna da yawa a rufe, haka ma sabuwar shekararsu ta 13 da 14 ga Afrilu. Kada ranar karɓar takardarka ko ranar gyara ta faɗo a kansu.

Doka ta yarda da fasinja uku ban da direba, amma wurin kaya ɗan lungu ne a bayan kujera. Mutum biyu da jakunkuna masu laushi biyu shi ne daidai. Akwati mai tauri ba ya shiga, uku da kaya kuwa za su sha wuya a hawan Nuwara Eliya. Keke ba ya kulluwa, don haka fasfo da kuɗi a jikinka, kuma a zaɓi masaukin da ke da harabar ajiye abin hawa. Iyali masu ƙananan yara, ko mai ciwon baya, ko wanda kwanakinsa ba su wuce goma ba, mota da direba ta fi masa, tunda ita tana hawa babban titi, tafiyar Galle zuwa filin jirgi da keke zai kwashe yini yana yi ta gama ta cikin awa biyu da ɗoriya.