Molten BG3800 a filin siminti: ƙwallon da ya dace da ƙungiyar ɗaliban da jifa ke bai wa wuya

Matsalar ƙungiyoyin ƙwallon kwando na manyan makarantun Sakkwato kusan iri ɗaya ce. Akwai gudu, akwai tsayi, akwai zafin nama wajen tare abokin hamayya, amma da zarar an ce a tsaya a jefa daga nesa sai labari ya sha bamban. Koci ya ce hannun yaro ne, yaro ya ce zobe ne ya karkace. Da wuya ka ga wanda ya ɗauki ƙwallon ya duba shi. Ka leƙa atisaye bayan La'asar ka ƙirga: ƙwallo uku ne a fili, ɗaya na roba ya suɗe ya yi sulɓi kamar ƙoƙo, ɗaya an cika masa iska ya yi tauri kamar dutse, na ukun kuma ya saki. Hannu yana koyon jifa ne da maimaici, to me zai haddace idan kowane jifa da irin nauyinsa da irin tsallensa?

Wannan ne ya sa BG3800 ya cancanci a yi maganarsa. Kamfanin Molten na Japan shi ne ke yi wa FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ƙwallon gasanninta, kuma jerin BG ɗin nan hawa-hawa ne. A sama akwai BG5000, na fata zalla, wanda aka fara wasa da shi a gasar cin kofin duniya ta 2019 a China. Ƙasa da shi BG4500, na fatar haɗi (wato fatar da aka ƙera a masana'anta), shi ma na cikin ɗaki ne mai daɓen katako. Can ƙasa akwai BG2000 na roba. BG3800 yana tsakiya: fatar haɗi ce, amma an yi shi don ciki da waje. Idan ka ga an rubuta B7G3800 to lamba 7 ne, na maza, kewayensa santimita 75 zuwa 77, nauyinsa wajen giram 600. B6G3800 lamba 6 ne, na mata. Kada son burga ya sa a sayo BG5000 a kawo filin siminti. Mu nan garin jima ne, mun san abin da gogayya da ƙasa ke yi wa fata mai kyau.

Abin da ya fi burgewa a jikinsa shi ne riƙo. Gunduwa 12 aka haɗa maimakon 8 da aka saba gani, don haka layukan da yatsa ke kamawa sun fi yawa, kuma ɗan wasa ba ya ɓata lokaci yana juya ƙwallo yana neman layi kafin ya saki. Launinsa biyu, ruwan lemo da fari-fari, nan ma akwai amfanin da ba kowa ke lura da shi ba. Koci da ke tsaye a bayan mai jifa zai ga yadda ƙwallon ke juyawa a sama ƙarara. Idan yana juyawa baya sak, to yatsan nuni da na tsakiya ne suka sake shi daga ƙarshe, haka ake so. Idan yana juyawa a kaikaice, babban yatsan hannun tallafi ne ke tura shi, kuma wannan shi ne ciwon da ya fi yawa a wurin yaran da suka koyi jifa da ƙwallo mai sulɓi: tsoron kada ya suɓuce ya sa suka saba dannawa da hannu biyu.

Sai batun iska, inda nan ne yanayin Sakkwato ke shigowa. Ƙwallo lamba 7 yana son iska wajen psi 7 zuwa 9 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne), kuma ana rubuta adadin a gefen bakin iskar. Ka cika shi zuwa 8 da sanyin safiya, zafi na wajen digiri 25, ka bar shi a bayan mota ko a kan siminti a watan Afrilu har ya kai digiri 45, iskar cikinsa za ta haura da kusan psi ɗaya da rabi. Ƙwallon da ya fita gida daidai sai ya iso fili da tauri. Bulada ta BG3800, wato robar da ke cikinsa, tana riƙe iska da kyau, ba ya yawan saki tsakanin atisaye da atisaye, amma ba shi da maganin rana. A sayi ƙaramin gejin auna iska da famfon hannu tare da shi, a auna a bakin fili ba a ɗaki ba. A jiƙa allura kafin a soka, busasshiyar allura ce ke yaga bakin iska. Kuma don Allah a daina kai wa mai faci ya ɗura da injinsa na taya. Cikin daƙiƙa biyu zai wuce ƙa'ida, zaren da ke ciki ya miƙe, ƙwallo ya fito da ƙulu a gefe, shi ke nan ya tashi aiki. In babu geji, a sake shi daga tsayin mita 1.80: ƙasansa ya dawo sama da mita ɗaya da kaɗan. Idan ya kusa kai ƙirjin dogon mutum, a rage.

Me ya haɗa wannan da shigar ƙwallo? Faɗin zobe santimita 45 ne, faɗin ƙwallo wajen 24. Idan ya sauko a kusurwar digiri 45, ƙofar da yake gani ta ragu zuwa wajen santimita 32, sarari ya rage kusan 8. Idan jifan ya kwanta ya zo a digiri 35, ƙofar ba ta kai 26 ba, sararin bai kai santimita 2 ba. Yawancin ɗalibanmu jifan kwance suke yi, saboda haka kusan kullum sai ƙwallon ya taɓa ƙarfe. Mai tauri na taɓawa zai yi tsalle ya fice har layin maki uku. Mai iska daidai, yana juyawa baya, sai ya mutu a kan zoben ya gangara ciki. Bambancin ke nan tsakanin ƙungiyar da ta ci wasa da maki huɗu da wadda aka ci.

Yana da nasa raunin. A lokacin hunturu ƙura tana like wa fatar haɗi, sai ya fara santsi, dole a ajiye tsumma mai ɗan danshi a gefe a riƙa gogewa, a kuma share filin kafin a fara. Siminti mai kaushi yana cinye ƙurajen jikinsa, kuma idan za a yi atisayen dirbulin, wato buga ƙwallo a ƙasa ana tafiya, da shi kullum, ba zai kai tsawon ran na roba ba. Kuɗinsa ma ya fi na roba nesa ba kusa ba. Ga kuma jabu sun cika kasuwa. A shafa inda gunduwoyi suka haɗu: na jabu za ka ji gam ya fito ko gefe ya ɗago. A mirgina shi a daɓe mai santsi a gani ko yana tangaɗi. A ɗora a sikelin mai shago, in ya yi nisa da giram 600 a mayar masa da kayansa.

Ƙwallo mai kyau dai ba ya mayar da kowa ƙwararre, abin da yake yi shi ne ya sa lissafi ya zama gaskiya. Da ƙwallo iri ɗaya da iska iri ɗaya, koci zai iya buɗe littafi: kowane ɗan wasa jifa 50 daga layin keta, wato inda ake jifan kyauta, wanda ke mita 4.60 daga allo, sai jifa 10 daga wurare biyar a bayan layin maki uku na mita 6.75, sau uku a mako. A wasa, wanda ke cin ɗaya cikin uku daga nesa daidai yake da mai cin rabi daga kusa. A atisaye kuwa, babu mai tare shi, in bai kai rabi ba bai kamata a sakar masa wannan jifan a gasa ba. Wanda bai cin 7 cikin 10 daga layin keta, ya rage mafarkin Amurka tukuna.

Misali biyu sun isa su nuna darajar jifa. Udoka Azubuike, haifaffen Legas, ya yi jami'ar Kansas yana zura kusan uku cikin huɗu na abin da ya jefa, domin kusan duka a gindin kwando yake yi, amma daga layin keta bai kai rabi ba. Ƙungiyar Utah Jazz ta ɗauke shi na 27 a zaɓen sababbin 'yan wasan gasar NBA ta Amurka a 2020, bayan kaka huɗu a NBA ya koma Turai. Gabe Vincent kuwa, ɗan wasan Najeriya, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2018, jifa daga nesa ne ya buɗe masa ƙofa a Miami, har ya kasance cikin biyar ɗin da ake fara wasa da su a zagayen ƙarshe na NBA a 2023. Ranar da D'Tigers, tawagar maza ta Najeriya, suka doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a 2021, jifan maki uku guda 20 suka zura, Vincent ne kuma ya fi kowa maki a ɓangaren Najeriya. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na kwalejin ilimi ta Shehu Shagari, hanyarsa ta fi kama da wannan: gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya ko takwararta ta kwalejoji, ƙungiyar jiha, sai gwaji a irin su Kano Pillars ko Gombe Bulls, daga nan a fara hangen gasar BAL ta Afirka. A duk matakan nan, mai tsayin mita 1.85 da ba ya jifa ba shi da gurbi, komai gudunsa.

Ga ƙungiya mai 'yan wasa 12, a sayi BG3800 guda huɗu a lokaci ɗaya daga wuri ɗaya, a keɓe su ga jifa da wasa kawai, na roba su ɗauki wahalar dirbulin da miƙa wa juna. A sa musu lamba 1 zuwa 4 da maka don a riƙa juya su su suɗe tare. Bayan atisaye a goge, a zuba a buhu, a ajiye a inuwa, kuma kada a bar kowa ya zauna a kai ko ya buga shi da ƙafa.