Gargaɗi: wasan da ake yi wa 'yan'uwanmu a ɗakunan taro ya haura shekara 50

Asabar ɗin da ta wuce ɗan ƙanwar mahaifiyata ya matsa mini sai na raka shi wani taro. Tela ne, yana da ɗan shagonsa da kekuna biyu, ba ya roƙon kowa. Sati uku kenan kullum sai ya kira ni: "Yaya, don Allah ka zo ka ji da kunnenka, wallahi harkar nan ba irin waɗancan ba ce." Na gaji da kawo uzuri na bi shi.

Ɗakin taron wani otel ne, ba zan faɗi sunansa ko sunan kamfanin ba. Tun daga ƙofa kiɗa ke tashi. Wasu samari sanye da kwat a cikin wannan zafin suna ta gaisawa da mutane hannu bibbiyu kamar sun san ka tun haihuwa. An ajiye wata mota mai sheƙi daidai bakin shiga, inda dole sai ka ratsa ta gefenta. Da aka zauna, wani ya hau mumbari ya ce da can shi ɗan acaɓa ne, yau ga makullin mota, ya ɗaga shi sama yana karkaɗawa. Layin gaba suka miƙe suna tafi da ihu. Na lura duk lokacin da za a yi ihun, mutanen nan na gaba ne ke farawa, mu baƙi mu biyo baya. An yi awa biyu ana maganar mafarki da yarda da kai da rabuwa da "tunanin talaka". Kayan da aka ce kamfanin yana sayarwa, wani man shafawa da garin shayi, ba su samu ko minti goma ba. A ƙarshe aka raba fom: rajista naira dubu 150, ka kawo mutum biyar, kowanne a ba ka kaso.

Ina zaune sai na ji kamar na taɓa ganin wannan wasan daga farko har ƙarshe. Na taɓa karanta shi ne, a labarin wani Ba'amurke mai suna Glenn W. Turner, wanda ya yi tashe tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke cikin ɗakin nan. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta labarinsa, don duk wanda aka gayyata irin wannan taro ya san cewa abin da zai gani an riga an kwance shi ɗaya bayan ɗaya a gaban alƙalai tun 1973.

An haifi Turner a 1934 a jihar Carolina ta Kudu. Mahaifinsa talakan manomi ne, irin wanda ke noma gonar wani a raba amfani. An haife shi da tsagaggen leɓe, maganarsa ba ta fita sosai, kuma karatunsa bai wuce daidai da aji biyu na ƙaramar sakandare ba. Ya fara neman abinci da tallar keken ɗinki gida-gida a ƙauyuka. A nan ya gane yana da baiwar da ta fi takarda: ya iya sa mutum ya ji cewa shi ma wani ne. A 1967 ya ranci dala 5,000 ya kafa kamfanin kayan kwalliya a Orlando ta jihar Florida, ya sa masa suna Koscot Interplanetary. Abin da ake tallatawa shi ne man shafawa da aka haɗa da kitsen wata 'yar dabba mai laushin gashi da ake kira mink.

Ga yadda tsarin yake, kuma a nan nake so a natsu. A ƙasa akwai masu yawon sayar da kayan, su riba kawai suke samu daga abin da suka sayar. Amma in kana son matsayi na gaba, sai ka biya dala 1,000. In kana son zama babban dila, dala 5,000. Wanda ya kawo mutumin da ya biya 1,000, ana ba shi 700. Dilan da ya kawo mai biyan 5,000, ana ba shi 3,000. To ka tambayi kanka: wa zai tsaya yawo cikin rana yana sayar da kwalbar mai ɗaya-ɗaya, alhali in ya shawo kan surukinsa guda zai tashi da dala 3,000 a yini ɗaya? Babu. Saboda haka kowa ya bar mai ya koma farautar mutane. Kamfanin sunansa na kayan kwalliya, amma hajarsa ta gaskiya ita ce izinin kawo wani.

Da abin ya kankama, Turner ya ga ashe ma ba sai da mai ba. Ya buɗe wani kamfanin mai suna Dare to Be Great, ma'ana ka yi ƙarfin halin zama babba. Wannan kam magana zalla ake sayarwa: rakoda, kaset-kaset na jawabin ƙarfafa gwiwa, 'yan takardu, da zaman horo. Mataki huɗu ne, na farko dala 300, na biyu 700, na uku 2,000, na huɗu 5,000. Sai ka sayi manyan matakan ne za a ba ka damar sayar wa wasu ka karɓi kamasho. Wato ka biya kuɗi a koya maka yadda za ka yarda da kanka, sannan ka je ka nemo wanda zai biya kuɗi a koya masa yadda zai yarda da kansa.

Shi kansa mutumin abin kallo ne. Kwat masu launi kamar na 'yan wasa, takalman fata masu tsada, gashin kanti a kai, tutar Amurka ta duwatsu masu ƙyalli a ƙirji. Yana yawo a jirgin sama na kansa, tare da wasu tagwaye wadanni da ke hawa dandamali da shi. Ya fara gina wani katafaren gida irin na sarakunan Turawan da a kusa da Orlando, wanda har ya faɗi bai ƙarasa shi ba. Ana ta yaɗa cewa dukiyarsa ta kai dala miliyan 300. In ya hau mumbari ba ya ɓoye leɓensa, da shi ma yake fara magana: in ni da wannan bakin, ba karatu ba gata, na kai nan, kai me zai hana ka? Mutane su yi ta kuka.

Ni dai ba zan ce duk abin da ya fito bakinsa ƙarya ba ne. Labarin talaucinsa gaskiya ne, an kuma san shi da ba da taimako ga naƙasassu. Wannan ne ma ya sa abin ya fi haɗari. Ɗan damfarar da ya zo da ƙarya tsagwaronta da wuri ake gane shi. Wanda ya zo da gaskiya tara ya cusa ƙarya ɗaya a tsakiya, shi ne ke kwashe gari. Waɗanda suka fi faɗawa hannun Turner ba attajirai ba ne. Ƙananan ma'aikata ne, matan aure, masu ƙaramar sana'a, mutanen da ba a taɓa tafa musu ba a rayuwarsu sai ranar da suka shiga ɗakin taronsa. Da yawa bashi suka ci suka biya.

A 1973 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a ƙarar da hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka, SEC, ta shigar kan kamfanin Turner. Abin da kotun ta bayyana game da tarukan nan, wallahi kamar wanda ya zauna kusa da ni ranar Asabar. An tsara taron tun daga farko, kowa ya san rawarsa. Tsofaffin mambobi su ne ke tayar da ihu da tafi, har da hawa kan kujeru da rera kalmar kuɗi a tare, don baƙo ya ji shi kaɗai ne bai gane ba. Ana umartar mamba ya sa kaya masu tsada, ya hau sabuwar mota, musamman Cadillac, ya riƙa zaro damin kuɗi a gaban mutane, ko da kuwa bai ci riba ko sisi ba. Suna da taken da suke koya wa juna, ma'anarsa ka yi ƙaryar arziki har arzikin ya zo. Kuma ana hana mai gayyata yin dogon bayani kafin taro. Aikinsa kawai ya kawo ka ɗakin, sauran aikin na ƙwararru ne. Da na tuna yadda ƙanen nawa ya yi sati uku yana ce mini "ba a waya ake bayani ba, sai ka zo", sai jikina ya yi sanyi.

A 1974 wata kotun ɗaukaka ƙarar ta yi irin wannan hukunci kan Koscot. A 1975 kuma hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta yanke cewa tsarin Koscot yaudara ne, ta kuma fitar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi a Amurka, ana ma kiransa da sunan kamfanin. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ka biya kuɗi don a ba ka izinin sayar da kaya, sannan ladan da kake samu yana zuwa ne daga shigo da sababbin mutane, ba daga sayar da kaya ga wanda zai yi amfani da su da gaske ba, to wannan tsarin dala ne. Ba dalar Amurka nake nufi ba, irin dalar gyaɗar Kano ta da: buhu ɗaya a ƙololuwa yana shan iska, dubbai a ƙasa suna ɗauke da nauyi.

Lissafin ma ba ya buƙatar alƙali. Sun ce kowa ya kawo biyar. Biyar su kawo 25, su kawo 125, su kawo 625. Ka ci gaba da ninkawa: a hawa na 12 kana buƙatar mutum sama da miliyan 244, fiye da jama'ar Najeriya gaba ɗaya har da jarirai. A hawa na 15 mutanen duniya ba su isa ba. Dole a tsaya a wani wuri, kuma a duk inda aka tsaya, na ƙasa sun ninka na sama sau da yawa, su ne kuma suka biya ba su karɓa ba. Wasu na kwatanta shi da adashi. Ba ɗaya ba ne. A adashi mutum goma sun zuba, mutum goma za su kwasa, ka san uwar adashi ka san gidanta. A nan sai an samu sabon mai zubi kafin tsoho ya ga wani abu.

Ƙarshen Turner bai zo da sauri ba, wannan ma darasi ne ga masu cewa "ai da haram ne da gwamnati ta rufe su". Jihohi da dama sun maka shi a kotu. A 1973 gwamnatin tarayya ta gurfanar da shi a Jacksonville kan zamba ta hanyar gidan waya, tare da lauyansa F. Lee Bailey, wanda daga baya duniya ta ƙara saninsa a shari'ar kisan kai da aka yi wa tsohon ɗan wasan Amurka O. J. Simpson. Aka shafe watanni, masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya. Daga bisani ya tsira da ƙaramin laifi da tara. Koscot ya durƙushe, amma mutumin bai daina ba. Ya sake fitowa da wani shirin mai suna Challenge, salon dai shi ne. Sai a 1987 wata kotu a jihar Arizona ta yanke masa ɗaurin shekara bakwai. Shekara 20 cif tsakanin kafa Koscot da shigarsa gidan yari. Ya rasu a 2020 yana da shekara 85.

Mu nan mun ga namu. MMM, harkar zuba kuɗi ta intanet mai alƙawarin riba mai tsoka, ta daskarar da kuɗin mutane a Disamba 2016. Wata irinta, CBEX, ta rufe a Afrilu 2025 da kuɗin jama'a a ciki. Waɗannan ba su ma damu da kawo kaya ba, lambobi ne a waya. Irin na Turner ya fi wuyar ganewa, domin akwai kwali da za a miƙa maka, akwai takardar rajistar kamfani da za a haska a bango, wani lokaci har da wanda zai buɗe taro da addu'a. Takardar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, tana nuna an yi wa suna rajista ne kawai, ba ta ce harkar halal ce ko mai riba ba.

In an kai ka irin wannan taro, kada ka yi gardama da kowa, ba za ka ci ba, an horar da su kan amsa. Ka tambayi abu ɗaya: in ban kawo kowa ba, na tsaya kan sayar da kayan nan kawai, nawa zan samu a wata? Sannan ka ce a nuna maka mutum uku da suke sayen man nan duk wata alhali ba mambobi ba ne. Ka kuma duba farashin irinsa a kasuwa. Na yi wa wani mai kwat tambayar farko, sai ya yi murmushi ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, irin wannan tunanin ne ke hana mutanenmu ci gaba." Bai ba ni lamba ba. Ya ce in na biya yau akwai ragi, gobe babu. Duk inda aka hana ka kwana da shawara, ka ɗauki takalmanka.

A hanyar komawa na tambayi ƙanen nawa ko ya riga ya biya. Ya yi shiru har muka wuce shataletale biyu, sannan ya ce ya biya tun watan jiya. Na ce ina ka samu dubu 150? Ya ce keke ɗaya ya sayar, wai in kuɗi suka fara shigowa zai sayi na lantarki. Mutum biyu ya samu ya shigar zuwa yanzu: yaron shagonsa, da wata yayarmu da ta cire daga kuɗin da take tarawa na kayan ɗakin 'yarta. Ni ne aka so in zama na uku.

Jiya na biya ta shagon. Inda keken yake da, yanzu kwali huɗu ne na man shafawa a jere, uku ba a ko buɗe su ba. Ga ɗinkin mutane a tare a kan benci, shi da yaron suna karɓa-karɓa a kan keke ɗaya.