Rangadin sawun sojojin Faransa a tsohuwar Alƙahira

A makon da na yi a Alƙahira na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido domin rangadin ƙafa na rabin yini a kan mamayar da Faransa ta yi wa Masar daga 1798 zuwa 1801, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Mun fara daga Gidan Sinnari da ke unguwar Sayyida Zainab, inda wasu masanan da Napoleon, jagoran rundunar Faransa, ya zo da su suka zauna. Abin da ya burge ni shi ne yadda jagoranmu ya bayyana halin ƙunci da rundunar ta shiga tun daga Agustan 1798, lokacin da Nelson, kwamandan sojojin ruwa na Ingila, ya tarwatsa jiragen ruwanta a Abukir, har hanyar komawa gida ta toshe, ga ciwon ido da annoba, ga harajin da suka ɗora wa jama'a wanda ya jawo musu ƙiyayya. A harabar masallacin Azhar ya tsaya ya ba da labarin boren Oktoban 1798 da shigar sojoji masallacin da dawakansu, kuma gaskiya jikina ya yi sanyi a wurin.

Inda na ga gazawa shi ne kisan da Sulaiman al-Halabi ya yi wa Janar Kléber, wanda ya gaji Napoleon a shugabancin rundunar, a 1800, domin a gurguje aka wuce shi, alhali ya cancanci tsayawa. Tafiyar tana da tsawo, don haka rangadin safe ya fi dacewa da dattawa.