Azumin Litinin da Alhamis ko Kame Baki na Awa 16?

Yaya, na ga tambayarka tun daren jiya, sai na bari har na sami sarari, don ba ta amsar layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: Yayanmu ya ce shekararsa biyu ke nan yana azumin Litinin da Alhamis, amma teɓa tana nan daram, kuma da aka auna shi an ce sugansa ya fara leƙowa sama. Yaronsa da ke karatu a Samaru ya nuna masa bidiyon wani tsari da ake yayi, mutum ya kame baki awa 16, ya ci abincinsa duka cikin awa 8, wai yana narkar da kitse, yana kuma wasa ƙwaƙwalwa. Shi ne yake tambaya, ba duk azumi ba ne? In kuwa akwai bambanci, wanne ya fi?

Na yi duka biyun, kuma a kan kantar magani nake wuni, don haka zan faɗi abin da na karanta da wanda na gani da idona.

Mu fara da agogo. A nan Zariya, daga alfijir zuwa faɗuwar rana kusan awa 13 ne zuwa 14, gwargwadon lokacin shekara. Ka ajiye cokalin sahur wajen ƙarfe biyar, ka sha ruwa tsakanin shida da 'yan mintoci zuwa bakwai saura. Mai tsarin awa 16 kuwa yakan wanke hannu ƙarfe takwas na dare, ba zai sake ci ba sai sha biyun rana. Rabin yunwarsa a barci yake yin ta. Yana shan ruwa yadda ya ga dama, har da shayi in ba madara ba sukari. Ka ga ke nan a shari'a ba azumi yake yi ba. Tsallake karin kumallo ne aka ɗinka wa babbar riga. Shi kullum yake yi, kai kuma sau biyu a mako, kuma kai kana da niyya da fatan lada, abin da ba a aunawa da sikeli. Wannan ɓangaren na malamai ne, ni na jiki zan yi magana a kai.

Jiki kamar magidanci yake, yana da buhu a ɗaki, yana da rumbu a bayan gida. Buhun shi ne sukarin da hanta ke ajiyewa, wanda bai wuce giram 100 da 'yan kai ba. Rumbun shi ne kitse. Ba wanda ke buɗe rumbu alhali da sauran tsaba a buhu. Sai an ɗauki kamar awa 12 ba a ci komai ba, insulin (sinadarin da jiki ke fitarwa don kwashe sukari daga jini) ya sauka, buhu ya fara nuna gindi, sannan hanta ta juya ga kitse tana sarrafa shi zuwa wani makamashi da ake kira kiton, wanda tsoka da ƙwaƙwalwa duk suna iya amfani da shi. Wannan juyin yakan kankama ne tsakanin awa 12 zuwa 36, ya danganta da abin da aka ci da yawan motsi. Mai tura baro a kasuwar Sabon Gari zai riga mai zaman shago isa ƙofar rumbu. To kai, Yaya, daidai lokacin da jikinka ya sa hannu a ƙofar, ladan ke kiran magariba. Mai awa 16 yana samun ƙarin wasu awoyi a wurin, kuma kowace rana. A wannan gaɓa shi ke gaba.

Amma ba nan matsalarka take ba, kuma ka yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na taɓa shan ruwa a shagonka wata Alhamis. An kawo faranti daga gida: dabino, kunun tsamiya a jug wanda sukarinsa ke kama leɓe, ƙosai mai zafi mai yana naso a takarda, soyayyen dankali da ƙwai, ga zoɓo mai sanyi. Muka yi sallah muka dawo muka ƙarasa. Da zan tafi ka ce tuwo na jiranka a gida bayan isha. Ni ma ban fi ka ba, don a hanyata na tsaya wurin mai shayi a Kwangila. Abin da aka hana ciki da rana an biya shi da dare har da riba. An yi ba a yi ba ke nan, rufe ƙofa da ɓarawo.

Akwai tsarin Turawa da ya fi kama da naka, wanda ake kira 5:2. Wani likita ɗan jarida na BBC, Michael Mosley, ya yayata shi a 2012: kwana biyar ka ci yadda ka saba, kwana biyu ka taƙaita ga kalori (ma'aunin makamashin da ke cikin abinci) 500 in mace ce, 600 in namiji ne, a yini da dare duka. Don ka gane ƙanƙantar 600, cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Cokali biyar, rabon ranar ya ƙare. Azuminmu bai sa wa dare iyaka ba, mu ne ya kamata mu sa. Ko a watan Ramadan, binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna mutane kan rage kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne, kuma galibi yana dawowa cikin 'yan makonni bayan sallah.

To shi tsarin awa 16 ɗin ya cika alkawarin da bidiyo ke yi masa? Asalin zumuɗin daga ɓeraye ya taso. A 2012, a cibiyar Salk ta Kalifoniya, ɗakin binciken Satchin Panda ya ba rukuni biyu na ɓeraye abinci mai maiƙo iri ɗaya. Waɗanda aka bar musu kwano dare da rana suka yi ƙiba, hantarsu ta yi kitse. Waɗanda aka taƙaita wa awa 8 suka tsira, duk da sun ci kusan daidai da na farko. Da aka zo kan mutane sai labari ya sha bamban. A 2020 aka gwada a Amurka da mutum 116 na tsawon mako 12, wasu suna ci daga sha biyun rana zuwa takwas na dare, wasu kuma sau uku a rana. Na farkon ko kilo ɗaya cikakke ba su rage ba, kuma ba su yi wa masu cin sau uku wata tazarar kirki ba. A 2022 aka buga wani gwajin daga birnin Guangzhou na Sin, mutum 139, shekara guda cur. Duka rukuni biyun an rage musu yawan abinci, ɗaya kuma aka ƙara masa dokar agogo. Masu agogo suka rage kilo 8, marasa agogo kilo 6.3, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. Wato raguwar abin da ke shiga ciki ce ta yi yawancin aikin. Amfanin agogo shi ne yana hana hannu kaiwa baki a lokutan banza.

Akwai wani ƙaramin gwaji da ya fi shafarka, na 2018 a jihar Luwiziyana. Maza ne 8 kacal, masu suga a bakin gaɓa kamar naka. Aka sa su gama cin abincin yini kafin ƙarfe uku na rana, mako biyar, ba tare da an bari sun rame ba. Jikinsu ya ƙara jin insulin, hawan jininsu ya sauka. Mutum takwas ba gari ba ne, amma ya yi daidai da abin da aka sani cewa jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe a kan cikin dare. Tuwon sha ɗayan dare da tuwon azahar malmala ɗaya ce, sai dai ba karɓa ɗaya jiki ke yi musu ba.

Yanzu ƙwaƙwalwa, inda aka fi zuzutawa. Nauyinta kamar kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na makamashinsa. Cewa yunwa na taɓa ta ba ƙarya ba ne: tun 1921 likitoci a asibitin Mayo na Amurka suka tsara abinci mai sa jiki yin kiton don yara masu farfaɗiya, bayan an lura yunwa na rage musu faɗuwa, kuma har yau ana amfani da shi ga waɗanda magani ya gaza. Mark Mattson, masanin ƙwaƙwalwa na Jami'ar Johns Hopkins, ya shafe shekaru yana nuna cewa ɓerayen da ake sa wa yunwa lokaci-lokaci suna samun ƙarin wani sinadari, BDNF, mai taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ƙulla sabuwar alaƙa. Sai kuma maganar jiki na cinye tarkacen kansa, wadda kowane bidiyo ke jingina wa ɗan Japan Yoshinori Ohsumi da ya ci kyautar Nobel a 2016. Gaskiya ne ya ci, amma a kan yis ya yi aikinsa, irin na kwaɓin burodi, bai ce wa kowa ya bar karin kumallo ba. Mafi yawan hujjar ƙwaƙwalwa a kan dabbobi take, kuma ɓera yana ƙona abinci da sauri ninkin-ba-ninkin na mutum. Awa 16 a wurinsa doguwar tafiya ce.

Abin da ya fi bayyana a kanmu a zahiri shi ne ruwa da barci, kuma nan ne biyun suka rabu sosai. In jiki ya rasa ruwa kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, natsuwa da maida hankali kan ragu. Azumin Litinin a watan Afrilu, rana na dukan kwanon shago, ƙarfe uku na yamma ni kaina sai na ƙirga canji sau biyu. Wannan azumin dai a cikin hunturu, Disamba ko Janairu, ko a jikina. Da na yi na awa 16 kuwa, da gorar ruwa a gefena, safiyata ta fi sauƙi, kai ba nauyi. Ciwon kan da mutane ke kuka da shi a kwanakin farko sau da yawa ba yunwa ba ce, kewar goro ce da shayi, domin duk suna da kafeyin; yakan lafa cikin mako guda. Ga kuma tashin sahur da ke yanke barci in mutum bai kwanta da wuri ba.

Gargaɗi, don zauren nan akwai masu magani. Mai shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ko mai allurar insulin, kada ya fara ko wanne sai ya ga likitansa, don suga na iya faɗuwa warwas. Ƙa'idar da masana ciwon suga suka shimfiɗa wa masu azumin Ramadan ita ce a karya in awon suga ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, a ma'aunin mg/dL. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda da yaro mai tasowa, tsarin awa 16 ba nasu ba ne. Masu olsa kuma, ba yunwa ce ke haifar da ita ba, galibi ƙwayar cuta ce ko yawan shan irin su ibuprofen da diclofenac, amma yunwa na tayar da raɗaɗinta.

Ni dai a matsayinka ba zan bar Litinin da Alhamis ba, farantin zan gyara: dabino uku da ruwa, a yi sallah, a ci abinci ɗaya na kirki mai wake ko ganye ko kifi, a rufe kicin. Ƙosai ko dankali, a zaɓi guda. Sauran kwana biyar kuma ba sai ka bar karin kumallo ba, tuwon dare za ka jawo zuwa bayan magariba. In ka gama ci ƙarfe bakwai, ka karya ƙarfe takwas na safe, ka sami awa 13 ba tare da ka ji ƙishi ko na minti ɗaya ba. A ƙara da taka ƙafa, ko daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka ne da yamma maimakon hawa acaɓa.

Kafin nan, Yaya, ka duba takardar awon nan ka turo min lambar da aka rubuta. In awon safe ne kafin a ci komai, a ma'aunin mg/dL, daga 100 zuwa 125 bakin gaɓa ne, 126 zuwa sama kuma sai an maimaita awo an zauna da likita. Ka haɗa min da sunan duk ƙwayar da kake sha, har da ta hawan jini.